Gambarar da ko gambarar yayi: wacce za ka zuba a wayarka?

Ɗan yayata, wanda ya shiga jami'a bana, ya miƙo mini wayarsa wata ranar Asabar ya ce, "Kawu, tunda kullum kana cewa waƙoƙinmu ba gishiri, zuba mini naka in ji." Wayar ba ta da fili sosai, datarsa ma a ƙidaye take, don haka dole a yi zaɓi. Na ce ya ba ni kwana biyu. Da na zauna tantancewa sai na ga maganar ta wuce cewa tsoho ya fi sabo, domin akwai abin da kowane ɓangare yake bayarwa wanda ɗayan ba ya da shi. Ina da inda na karkata, kuma ba zan ɓoye ba: tsofaffin albam da na bayan fage su ne abincina. Amma wanda zai zaɓa ya cancanci a gwada masa duka biyun da gaskiya.

Idan na ce gambarar da, ina nufin albam-albam ɗin waƙar rap (hip-hop) da suka fito a Amurka daga wajen 1987 zuwa ƙarshen shekarun 1990, akasari daga New York, garin da aka haifi abin. A unguwar Bronx ne DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya kaɗa faifai a wani taron rawa ranar 11 ga Agusta 1973, ranar da ake lissafawa a matsayin mafari. Na bayan fage kuwa su ne mawaƙan da ba su dogara da manyan kamfanoni da gidajen rediyo ba, tun wancan lokaci har yau. Gambarar yayi ita ce wadda ke saman jadawalin Billboard, mai jera waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, wadda ke tashe a TikTok, wadda za ka ji a shagon aski ko wurin mai cajin waya ba tare da ka nema ba.

Bambanci na farko, kuma wanda ya fi kowanne girma a wurina, shi ne abin da ake sayar maka. A gambarar da, albam ake sayarwa. A ta yayi, waƙa ɗaya ake sayarwa, sauran rakiya ce. Ɗauki Illmatic, albam ɗin farko na Nas, wanda ya fito a Afrilun 1994 yana ɗan shekara 20. Waƙa goma ce kacal, ta farko ma gabatarwa ce, duka tsawonsa kimanin minti 40. Mawaƙi baƙo ɗaya ne a ciki, AZ. Masu haɗa kiɗan kuwa su ne gwanayen New York na lokacin: DJ Premier, Pete Rock, Q-Tip, Large Professor da L.E.S. Daga farko har ƙarshe a wuri ɗaya kake, wato Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati mafi girma a Amurka, inda yaron ya tashi. Kana jin jirgin ƙasa yana wucewa, kana jin abokin da ke gidan yari ana rubuta masa wasiƙa, kana jin matashi yana lissafin waɗanda suka mutu kafin su kai shekarunsa. Babu waƙar da za ka cire ginin bai girgiza ba. Kuma bai yi kasuwa nan take ba. Sai a 2001, bayan shekara bakwai, aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya.

Albam ɗin yayi da wata manufa ake gina shi, kuma laifin ba na mawaƙan kaɗai ba ne. Hanyar biyan kuɗi ce ta sauya. Spotify na lissafa an saurari waƙa idan an kai daƙiƙa 30 ana ji, kuma tun ƙarshen 2014 Billboard ke haɗa yawan sauraro ta intanet wajen tsara jadawalin albam. Sakamakon a fili yake. Dole amshi ya zo da wuri kafin yatsanka ya matsa gaba, dole waƙa ta gajarta don a maimaita, kuma yawan waƙoƙi a albam ɗaya na ƙara yawan lissafi. Shi ya sa a 2018 Drake ya fitar da Scorpion mai waƙa 25, Migos suka fitar da Culture II mai 24. A cikin irin waɗannan akwai waƙa huɗu ko biyar masu daɗi na gaske, sauran cikon mudu ne. Idan kai mai tsintar waƙa ɗaya-ɗaya ne kana zubawa a jerinka, wannan ba zai dame ka ba. Idan kuma kana son ka kunna abu ka kishingiɗa har ya ƙare, kamar yadda ake sauraren labari, za ka gaji tun a tsakiya.

Kada gajarta ta ruɗe ka, domin ita kaɗai ba alamar kasuwanci ba ce. Madvillainy, wanda MF DOOM da Madlib suka fitar a 2004 ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Stones Throw, waƙa 22 ne a cikin kimanin minti 46. Yawancinsu minti biyu ne ko ƙasa da haka, kuma kusan babu amshi. An gajarta su ne don mawaƙin ya gama abin da zai faɗa, ba don a kamo kunnen mai gaggawa ba.

Sai maganar kalma, inda na fi daɗewa idan ana wannan gardama. Mu Hausawa kunnenmu ya saba da auna mawaƙi da abin da ya faɗa. Mun san bambancin gindin waƙa da ɗiyanta, mun san mai iya zambo da habaici, mun san wanda amsa-amonsa ke faɗowa daidai ba tare da ya tanƙwara ma'ana ba. Mai irin wannan kunne, gambarar da ce gidansa. Kafin 1987 yawancin masu gambara suna ajiye amsa-amo ne a ƙarshen layi, kamar mai jera bulo. Da Rakim ya fito tare da Eric B. a albam ɗin Paid in Full, sai ya riƙa saƙa amsa-amo a tsakiyar layi, yana haɗa gaɓa biyu ko uku, yana tsallaka ƙarshen layi da jimla ba tare da numfashinsa ya yanke ba, kuma duk a cikin murya mai sanyi, ba ihu. Duk wanda ya biyo baya, daga Nas zuwa Black Thought na ƙungiyar The Roots, a wannan rijiya ya sha. DOOM kuwa ya kai abin ƙololuwa. Akwai baitocinsa da kusan kowace gaɓa a layi ɗaya tana da abokiyar amsawa a layi na gaba, kuma a ciki akwai raha da za ka gano sai a saurare na biyar.

Ga tsadar wannan daɗi: Turanci. Ba ma Turancin makaranta ba, karin harshen unguwannin baƙar fata na New York na shekaru talatin da suka wuce, cike da sunayen tituna da 'yan wasa da shirye-shiryen talabijin da ba mu taɓa gani ba. Na shafe shekaru ina rera wasu baitoci ba daidai ba kafin in ga rubutunsu. Wanda zai shiga wannan fage sai ya yarda zai riƙa buɗe rubutun waƙa yana bi, yana dakatarwa, yana komawa baya. Aiki ne. Gambarar yayi ba ta neman wannan daga gare ka. Future da Young Thug da ire-irensu daga Atlanta sun mayar da murya kayan kiɗa, suna lanƙwasa ta da na'ura, suna jan harafi har kalma ta narke. Ko ba ka fahimci kalma ɗaya ba za ka ji abin da ake nufi, baƙin ciki ne ko taƙama. Masu raina wannan suna cewa ba fasaha ba ce, ni ban yarda da su ba. Fasaha ce, sai dai ta karin murya ce, ba ta rubutu ba. Matsalarta ita ce idan gwani ɗaya ya ƙirƙiro salo, mutum ɗari za su kwaikwaya a cikin wata shida, har ka kasa gane wane ne wane.

Kiɗan ma tarihinsa daban. Na da ana yanko shi ne daga tsofaffin faya-fayan jazz da soul da funk. Mai haɗa kiɗa zai wuni a shagon tsofaffin faifai yana tono, ya samo daƙiƙa biyu na ganga ko ƙaho ko fiyano, ya zuba a na'ura ya jujjuya. Na'urar da ta fi shahara a lokacin, SP-1200 wadda ta fito a 1987, sautin daƙiƙa goma kaɗai take iya riƙewa. Don haka sai su ƙara wa faifai gudu su ɗauka, sannan su rage gudun a cikin na'ura, abin da ke ba sautin wani kaushi da ƙura wanda har yau ake nema da gangan. Ƙarancin kayan aiki ne ya haifi salo. Ƙungiyar Public Enemy a 1988 ta riƙa jibge yanke-yanke masu yawa a waƙa ɗaya har ta zama kamar hayaniyar zanga-zanga. A Tribe Called Quest kuwa a The Low End Theory na 1991 suka bi hanyar sanyi, har suka gayyato Ron Carter, babban makaɗin jazz, ya kaɗa musu a waƙa ɗaya.

A ƙarshen 1991 ne wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan Biz Markie saboda ya yanko kiɗan wani mawaƙi ba izini, aka janye albam ɗinsa daga kasuwa. Daga nan kowane yanki sai an nemi izini an biya, irin jibgin da Public Enemy ke yi ya zama abin da aljihu ba zai ɗauka ba. Wannan rikici na haƙƙin mallaka, haɗe da saɓani da tsohon kamfaninsu, shi ya hana albam shida na farko na De La Soul shiga manhajojin sauraro har zuwa 3 ga Maris 2023, ƙasa da mako uku bayan rasuwar ɗaya daga cikin su ukun. Shekara da shekaru matasa ba su da hanyar jin su cikin sauƙi, sai ga shi ana zarginsu da rashin sanin na gaba.

Kiɗan yayi mafi yawansa a kwamfuta ake haɗa shi, kuma ƙashin bayansa shi ne amon nan mai zurfi da ya samo asali daga TR-808, na'urar ganga da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. An yi shi ne don ya girgiza mota da zauren rawa. A nan akwai abin lura ga mai zaɓi. Idan a babbar sifika kake sauraro, ko a mota a hanyar Kano zuwa Kaduna, ko kana motsa jiki, kiɗan yayi zai doke na da, ba gardama. Idan kuma da abin kunne kake ji da dare, ko a ƙaramar sifikar waya wadda ba ta iya fitar da amo mai zurfi, rabin daɗin na yayi ya tafi, alhali bugun ganga da muryar na da suna fitowa tsaf.

Akwai kuskuren da masoya gambarar da suke yawan yi, kuma ba na son ɗan yayata ya gaje shi daga wurina. Shi ne cewa tsofaffin tsarkakakku ne, na yanzu ne suka lalace. Ba haka ba ne. Ashar da maganar ƙwaya da bindiga da wulaƙanta mata suna nan jibge a albam-albam na shekarun 1990, ciki har da waɗanda ake girmamawa. Albam ɗin farko na Wu-Tang Clan, wanda ya fito a Nuwamban 1993, ba abin kunnawa a gaban iyaye ba ne. Bambancin da nake gani shi ne a mafi kyawun na da ana nuna maka abin tare da farashinsa: wanda ya sayar da ƙwaya ga kabarinsa, ga mahaifiyarsa, ga ɗakin kurkukunsa. A yawancin na yayi ana nuna ribar a ɓoye asarar. Amma kalmomin baki ɗaya ne, kuma wanda kunnensa ba ya ɗaukar batsa ya nemi sigar da aka tace, kusan kowane babban albam yana da ita.

Akwai kuma abin da ya kamata Musulmi ya sani tun kafin ya shiga. Za ka ji sunan Allah da kalmomin Larabci a bakin Rakim da Brand Nubian da wasu 'yan Wu-Tang, har ka ɗauka 'yan uwa ne a aƙida. Da yawansu mabiya wata ƙungiya ce da ake kira Five Percent, wadda Clarence 13X ya kafa a Harlem a shekarun 1960 bayan ya ɓalle daga Nation of Islam, kuma koyarwarta ita ce baƙar fata namiji shi kansa abin bauta ne. Wannan ba shi da haɗi da Musuluncin da muka sani. Ka saurari fasaharsu da sanin haka. Akwai kuma Musulmi irinmu, kamar Mos Def wanda yanzu ake kira Yasiin Bey. Albam ɗinsa na 1999, Black on Both Sides, da Bismillah ya buɗe shi, kuma waƙar farko a kan kiɗan Fela Kuti aka gina ta. Ranar da na fara ji, sai da na dakatar na mayar baya, don ban yi zaton jin amon Legas daga Brooklyn ba.

Iyakar da ke tsakanin ɓangarorin nan ma ba miƙaƙƙen layi ba ce. Da yawa daga abin da muke kira na da, a zamaninsa shi ne yayi. Albam na biyu na Wu-Tang ya hau saman jadawali a makon da ya fito a 1997. Lauryn Hill ta kwashe kyautar Grammy biyar a dare ɗaya a 1999 da albam ɗinta na farko. A wannan zamani kuma Kendrick Lamar, ɗan Compton, yana cika manyan filayen wasa, amma good kid, m.A.A.d city na 2012 labari ne guda daga farko zuwa ƙarshe, kuma a 2018 Kendrick ɗin ya zama na farko da ya karɓi kyautar Pulitzer ta kiɗa ba daga fagen jazz ko kiɗan gargajiyar Turai ba. Sannan mu tuna cewa zamani ya riga ya tankaɗe mana na da, garin muke gani, dusar ta tafi. A 1994 ma an fitar da tarkace masu yawa da ba wanda ke tuna su. Na yau kuwa da dusarsu suke iso mana, shi ya sa suke kama da sun fi muni.

Kuma bayan fage bai mutu ba, wanda ya ce gambara ta ƙare bai leƙa ba ne. Tun da Roc Marciano ya fitar da Marcberg a 2010 aka sake buɗe wata hanya, wadda 'yan Griselda daga garin Buffalo da mai haɗa kiɗa The Alchemist da billy woods suke bi. Wanda ya fi taɓa zuciyata a cikinsu shi ne Ka, ɗan unguwar Brownsville a Brooklyn. Ma'aikacin kashe gobara ne, har ya kai muƙamin kyaftin. Shi ke rubuta waƙarsa, shi ke haɗa yawancin kiɗansa, sau da yawa ba ganga sam, sai muryarsa a ƙasa-ƙasa kamar mai yi maka magana a soro bayan sallar isha'i. Shi ke sayar da faya-fayansa da hannunsa. Ya rasu a Oktoban 2024 yana da shekara 52, bai taɓa yin waƙar da ta yi tashe a rediyo ba, kuma ban san mai gambarar da ya fi shi tattalin kalma ba.

A aikace, lissafin data yana goyon bayan na da. Albam mai minti 40 a matsakaicin inganci bai wuce megabayit 40 ba, kuma idan mai kyau ne za ka shekara kana ji kana tsintar sabon abu. Waƙar yayi takan yi wata biyu ko uku ta gundure ka, sai ka goge ka sauke wata. A wajen samuwa kuma na yayi ne da nasara. Suna ko'ina a Audiomack da Boomplay, har ta Bluetooth aboki zai tura maka, alhali wasu na bayan fage sai a Bandcamp ko shafin mawaƙin, inda ake neman katin da ke biya da dala. Akwai kuma kaɗaici, wanda ba a cika faɗa ba. Mai jin na yayi yana da abokan hira a aji da majalisa. Mai jin Ka a Gusau ko Maraɗi zai iya shekara bai haɗu da wanda ya san sunan ba. Ga matashi ɗan shekara 19 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka idan abin da kake nema shi ne abin da zai motsa jikinka, ko ya raka ka aiki ba tare da ya ɗauke hankalinka ba, ko ya haɗa ka da tsararrakinka, zauna a kan na yayi, ba ka yi laifi ba. Idan kai ne mai dakatar da waƙa ka ce "me ya ce?", ko kana rubuta baitoci a bayan littafinka da Hausa ko da Turanci, to kana cutar kanka idan ba ka zauna da tsofaffin albam ba, domin a can ne za ka ga yadda ake gina baiti. Sai dai kada ka fara da masu wuya. Wanda aka fara ba shi DOOM ko billy woods zai gudu bai dawo ba.

Ban goge masa waƙa ko ɗaya daga cikin nasa ba, hotuna da bidiyoyin da ya yarda a cire muka cire. Na zuba albam shida, na rubuta masa jerin da zai bi a takarda. Na farko na Kendrick na 2012, don sautinsa bai yi nisa da abin da ya saba ba. Sai na Lauryn Hill, don akwai rerawa a ciki da za ta riƙe shi. Sai The Low End Theory, sai na Mos Def, sai Illmatic. Madvillainy na ajiye a ƙarshe. Sharaɗi ɗaya na gindaya: kowanne ya ji shi daga farko zuwa ƙarshe, sau uku, ba tsallake, kafin ya yanke hukunci.

Bayan mako uku ya turo mini saƙon murya. Ya ce na Kendrick da na Lauryn Hill sun shige shi, The Low End Theory yana sa shi barci, na mai abin rufe fuskar nan kuwa, wato DOOM, bai gane kansa ba tukuna. Sannan ya ce, "Kawu, a ƙarshen waƙa ta uku ta Illmatic akwai wani mai busa ƙaho, na maimaita wurin ya fi sau goma. Wane ne?" Na ce masa Olu Dara ne, mahaifin Nas.